Mahogani a Aikin Jita, da Matsayin Maɗacinmu a Cikin Danginsa

Tambaya: Ni kafinta ne, kuma ina taɓa kaɗa jita. Kusan duk jitar da na duba bayaninta sai in ga an rubuta cewa wuyanta ko bayanta na mahogani ne, wani lokaci kuma a ce mahoganin Afirka. Me ya bambanta wannan katako da sauran, kuma tun da an gaya mini maɗaci ma mahogani ne, zan iya ƙera jita da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya gaya maka cewa maɗaci dangin mahogani ne bai faɗi ƙarya ba, kuma zan zo kansa dalla-dalla. Amma sai mun warware sunan tukuna, domin 'yan kasuwar katako sun daɗe suna liƙa kalmar mahogani a kan itatuwa iri-iri, wasunsu ma babu abin da ya haɗa su da shi sai jan launi. Mahogani na asali itace ne na yankin Amurka mai zafi, wanda masana tsirrai ke kira Swietenia. Nau'insa uku ne, amma wanda ya cika masana'antun jita shi ne mai manyan ganye, Swietenia macrophylla, wanda ke fitowa tun daga kudancin Meziko, ya ratsa Amurka ta Tsakiya, har dazukan Amazon na Peru da Bolibiya da Barazil. A kasuwa ana ce masa mahoganin Honduras, kuma an daɗe ana sarar sa a ƙasar da a da ake kira Honduras ta Birtaniya, inda Turawan Ingila suka sa bayi 'yan Afirka wannan aiki. Ƙasar ita ce Beliz a yau, kuma har yanzu hoton bishiyar da masu saranta biyu yana kan tutarta.

Wanda ake rubuta wa mahoganin Afirka kuwa shi ne Khaya, kuma galibi ana nufin Khaya ivorensis na dazukan kurmi, daga Kodebuwa da Gana zuwa kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon, wanda tsofaffin 'yan kasuwa ke kira mahoganin Legas. Maɗacinmu shi ne Khaya senegalensis, ɗan'uwansa na ƙasar da ruwa bai yi yawa ba. Su duka gida ɗaya suke da Swietenia, gidan da ake kira Meliaceae, wanda a cikinsa har da dogon yaro, da kuma safele, katakon da ya ci sunan garin Sapele na Jihar Delta. Abin da ake sayarwa da sunan mahoganin Filifin, wato meranti, wannan bare ne, ba ya cikin gidan ko kaɗan, kuma ana yawan samun sa a jitoci masu araha.

Don ka gane abin da ya sa masu ƙera jita suka riƙe wannan katako fiye da shekara ɗari, dubi aikin da wuyan jita yake yi. Tsirkiyoyi shida na ƙarfe, idan aka ɗaure su daidai, suna jan wuya da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 70 ko fiye, na roba kuma kimanin kilo 40, kuma jan ba ya sassautawa dare da rana, shekara da shekaru. Duk da haka tazarar da ke tsakanin tsirkiya da allon yatsu a tsakiyar tsawonta milimita 2 zuwa 3 ce kawai. Idan wuya ya ranƙwafo gaba da milimita ɗaya, yatsun mai kaɗawa za su gaya masa tun kafin idonsa ya gani. Idan ya koma baya, tsirkiya za ta dinga gogar ƙarafan allo tana zuza. Idan kuwa ya murɗe, to sandar ƙarfen da ake sakawa a cikin wuya ba za ta cece shi ba, domin ita gaba da baya kaɗai take gyarawa. Kai kafinta ne, ka san ƙofar da ta kumbura da damina ana kankare gefenta a wuce wurin, amma wuyan jita ba ya karɓar irin wannan uzuri.

Kowane katako yana shan danshi daga iska yana kuma fitar da shi, yana kumbura yana motsewa, sai dai motsewar ba ta zuwa daidai ta kowane ɓangare. A tsawo kusan ba ya motsi. Daga ɓawo zuwa tsakiyar gungume yana motsewa kaɗan, ta kewayen gungume kuwa yana motsewa da yawa, kuma bambancin da ke tsakanin waɗannan biyun shi ne yake sa falanki ya yi kwarmi kamar faranti, ko ya karkace, ko ya dare. Mahoganin Honduras, daga ɗanye zuwa busasshe ƙamas, yana motsewa da kimanin kashi 3 cikin 100 ta ɓangaren farko, da kashi 4 da 'yar ɗoriya ta na biyu. Kwatanta shi da mefil mai tauri, wanda kamfanin Fender ke yin wuyan jitocinsa da shi, wanda ke motsewa da kusan kashi 5 ta nan da kusan kashi 10 ta can. Ka ga mahogani motsinsa kaɗan ne, kuma ɗan motsin da yake yi kusan daidai yake ta kowane gefe, shi ya sa yake zama yadda aka bar shi. A ganina wannan natsuwa ita ce babbar darajarsa, ta fi duk abin da ake faɗa game da amonsa, kuma ita ce ta sa masu ƙera jiragen ruwa da masu sassaƙa samfurin da ake zuba narkakken ƙarfe a kansa suka zaɓe shi tun da daɗewa, alhali su babu ruwansu da amo.

Abu na biyu shi ne ƙarfinsa idan aka gwada da nauyinsa. Busasshen mahoganin Honduras mai mita ɗaya ta kowane gefe yana kai kimanin kilo 590, ko da yake ana samun wanda bai kai ba da wanda ya zarce. Mefil mai tauri ya haura kilo 700, rozwud na Indiya ya haura 800, sifurus na Sitka da ake yin fuskar jita da shi kuma ɗari huɗu da 'yan kai ne. Mahogani ya zauna a tsakiya: yana da isasshen ƙarfin da zai riƙe tsirkiya, amma bai yi nauyin da zai sa kan jita ya dinga rinjaya ƙasa mai kaɗawa yana tallafe shi da hannun da ya kamata ya sake ba. Wanda ya taɓa tsayawa da jita a kafaɗa tun bayan isha'i har dare ya raba ya san cewa rabin kilo ba ƙaramin abu ba ne.

Sai daɗin aiki, wanda kai za ka fi kowa gane shi. Wuyan jita sassaƙa shi ake yi, daga murabba'in katako zuwa siffar da za ta kwanta a tafin hannu, kuma dunduniyarsa, inda yake haɗuwa da gangar jiki, lanƙwasa ce a kan lanƙwasa. Idan ka ɗora wuƙa mai kaifi a kan mahogani mai kyau, za ka ga yana fita a nannaɗe kamar ɓawon lemo, ba ya tsalle, ba ya yagewa, kuma wurin da wuƙar ta bi yana barin wani sheƙi da ke sauya launi idan ka juya katakon a haske. Sabon yanka fari-fari ne mai ratsin ja, sai rana da iska su dafa shi sannu a hankali ya koma ja mai duhu. Yana karɓar gam sosai, domin ba shi da maiƙon da rozwud yake da shi, wanda wani lokaci yake hana gam kamawa. Ga wanda ke haɗa wuya da jiki ta hanyar saƙa katako cikin katako, ba tare da ƙusa ko noti ba, wannan hali ne mai tsada.

Yana da rauninsa, kuma bai kamata a ɓoye ba. Ba shi da tauri sosai, don haka maɓallin riga ko kan bel yana iya barin tabo a bayan jita. Ƙofofin jikinsa a buɗe suke, kana ganin su da ido kamar tsinin allura, sai an cike su kafin a shafa man sheƙi, in ba haka ba man ya dinga nutsewa fuskar ta fito da ramuka. Wajen lanƙwasa gefuna ma yana da ɗan gardama: ana sirance fallen zuwa kimanin milimita 2, a jiƙa shi kaɗan, a dinga goga shi a jikin bututun ƙarfe mai zafi ana dannawa, kuma idan aka yi gaggawa ko aka cika ruwa sai cikin lanƙwasar ya tattare ya yi ƙananan karaya da samfefa ba ta gogewa. Amma babban rauninsa a kai yake. Kamfanin Gibson yana sassaƙa wuya da kai daga katako guda, kan kuma ya kwanta baya da digiri 17 a yawancin jitocinsa. A daidai wannan kusurwa jijiyar katakon ba ta bin kan, ratsa shi take yi, ga kuma ramin da aka haƙa don sandar ƙarfe ya ƙara sirance wurin. Jita ta faɗi da baya sau ɗaya, kai ya fita. Duk mai gyaran jita ya ga irin wannan karaya har ya gaji. Maganinta tsohuwar dabara ce ta masu jitar Sifen: a yanka katakon a karkace, a juya guntun, a manne shi da gam, sai jijiya ta bi kan a miƙe. Wasu suna raina wannan haɗi suna ganin alamar araha ce, ni kuwa shi nake yi a duk wuyan da na ƙera.

Yanzu batun amo, inda surutu ya fi yawa. Idan ka riƙe fallen rozwud da yatsu biyu ka ƙwanƙwasa shi kusa da kunne, yana yin ƙara mai tsawo kamar an taɓa kofin gilashi. Mahogani amonsa gajere ne, busasshe, ya fi kusa da bugun ƙwarya, domin yana shanye girgiza da sauri fiye da rozwud. Daga nan ne masu kaɗawa suke cewa jitar mahogani tana da sauti tsayayye mai ƙarfi a tsakiya, kowace tsirkiya tana fita daban, babu amsa-kuwwa mai yawa a bayanta, ita kuwa ta rozwud tana da zurfi a ƙasa da walƙiya a sama. Misalin da kowa ke bugawa shi ne na kamfanin Martin, wanda aka kafa a 1833 kuma yake garin Nazarat na Jihar Fensilbaniya: D-18 da D-28 siffarsu ɗaya, fuskarsu duk sifurus, amma ta farko bayanta da gefunanta mahogani, ta biyu rozwud. Gibson ma ya fitar da J-45 a 1942 da baya da gefuna na mahogani. Abin da mutane ke mantawa shi ne, a wancan zamani mahogani shi ne katako mai sauƙin kuɗi, na jitar mai ƙaramin ƙarfi, daga baya ne kunne ya saba da shi har aka fara neman sa don kansa.

Sai dai zan gaya maka gaskiyar abin da na gani a aiki: baya da gefuna ba su ne ke yin magana ba, fuska ce. Tsirkiya tana girgiza jaki, kamar yadda makaɗan garaya ke kiran ɗan katakon da tsirkiya ke hawa a kan fuska, jaki ya girgiza fuska, fuska ta tura iska. Antonio de Torres, mutumin Sifen da ya tsara siffar jita mai tsirkiyar roba da muke gani yau, ya ƙera wata jita a 1862 da baya da gefuna na kwali, kuma tana nan a gidan tarihin kayan kiɗa na Basalona. A 2018 masu bincike a Jami'ar Lankasta ta Ingila suka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi da jitoci shida na kamfanin Fylde, komai nasu iri ɗaya sai katakon baya da gefuna, cikinsu har da rozwud na Barazil da mahogani da safele, kuma da aka hana masu kaɗawa ganin abin da ke hannunsu, da ƙyar suka iya bambance su. Ba ina cewa babu bambanci ba ne. Ina cewa kaurin fuska, da yadda aka sassaƙa sandunan da ke ƙarƙashinta, da girman ciki, sun fi irin katakon baya tasiri nesa ba kusa ba. Inda mahogani ke bayyana halinsa a fili shi ne idan aka yi fuskar kanta da shi, kamar yadda Martin ya yi a jitar 2-17 ta 1922. Tun da ya fi sifurus nauyi, ƙararsa ba ta kai ta sifurus ba, amma tana da taushi da daidaito, kuma ta dace da mai rera waƙa da ba ya son jita ta danne muryarsa.

A jitar lantarki kuwa, irin Les Paul da Gibson ya fitar a 1952 da jikin mahogani mai rufin mefil, ko SG ta 1961 da jikinta duk mahogani ne, maganaɗisun da ke ɗaukar girgizar tsirkiya da injin ƙara sauti su ne ke da kaso mafi tsoka. Abin da katako ke bayarwa a nan shi ne nauyi mai daɗin ɗauka da wuyan da ba ya motsi.

Dalilin da ya sa kake yawan ganin mahoganin Afirka a bayanan jita shi ne na asalin ya yi ƙaranci. Bishiyar ba ta yin cunkoso a daji, ɗaya nan ɗaya can take fitowa, kuma an sare manyanta tun kafin a yi tunanin mayar da gurbinsu. Shuka ta a gona ɗaya a ƙasarta yana da wuya, saboda wata tsutsa da ke huda tohon sama ta sa bishiyar ta yi rassa maimakon ta miƙe. Tun watan Nuwamba na 2003 aka sa Swietenia macrophylla na yankin Amurka a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido a kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, ma'ana ba a fitar da gumagumansa ko falankansa daga ƙasa sai da takardar izini. Da yawa daga abin da ake samu yanzu daga gonakin Fiji da Indunusiya yake fitowa, kuma sau da yawa ya fi na daji sauƙin nauyi da hasken launi. Kamfanoni suka juya ga Khaya da safele, har shi ma Khaya na Afirka aka sa shi a jeri na biyu a taron Panama na Nuwamban 2022, dokar ta fara aiki a Fabrairun 2023. Ƙa'idar ta shafi gumagumai da falankai da fallaye, ba ta shafi jitar da aka riga aka gama ba, amma ya kamata ka san cewa maɗaci yana cikin wannan jeri.

Khaya na kurmi madadi ne na ƙwarai. Nauyinsa kusa yake da na Honduras, wani lokaci ma bai kai ba, kuma a jitar da aka gama aka shafe da wuya mai kaɗawa ya raba su. Bambancin a hannun mai aiki yake fitowa. Jijiyar Khaya saƙaƙƙiya ce: bishiyar tana girma 'yan shekaru jijiyarta tana karkata dama, sannan ta koma hagu, haka har ta tsufa. Wannan ne ke ba da ratsin duhu da haske kamar saƙi, abin sha'awa a bayan jita, amma shi ne kuma ke sa idan kana kankare fuskar falanki layi ɗaya ya yi sumul, na kusa da shi ya yage. Ana kuma samun wurare masu gashi-gashi da ba sa gogewa, da kuma wata ɓoyayyiyar karaya da ke ratsa jijiya kusa da tsakiyar gungume, siririya kamar gashi, wadda ba ka gani sai ka karkata katakon a haske. Falankin da ke da ita ba ya yin wuya ko kaɗan.

To, mun iso kan maɗaci. Shi ne mafi nauyi da tauri a cikin dangin Khaya, yana kai kilo 750 zuwa 800, wato ya fi kusa da rozwud a nauyi fiye da ɗan'uwansa na Honduras. Launinsa ya fi duhu, kuma idan ya sha mai yana da kyan da ba ya jin kunyar kowane katako. Saƙar jijiyarsa ta fi ta na kurmi tsanani, kuma dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya dubi bishiyar: na kurmi yana tsere da maƙwabtansa zuwa haske, sai ya miƙe sambal mita da yawa babu reshe, shi kuwa maɗaci a fili yake tsayawa shi kaɗai, iska tana kaɗa shi, gangarsa gajeriya, ya yi rassa da wuri. Ƙari a kan haka, da wuya ka sami maɗacin bakin hanya ko na kusa da gari da masu magani ba su sassaƙe ɓawonsa ba shekara da shekaru, kuma kowane tsohon rauni yana barin jijiya a hargitse a ƙarƙashinsa. Ba baƙo ba ne a kayan kiɗa, domin masassaƙan Mali da Gini suna yin gangar jembe da shi, amma ganga ba ta ɗauke da jan kilo 70 a kan siririn wuya.

Na taɓa gwada shi a wuya, kuma na sha darasi. Wani mai sayar da katako ya rantse mini cewa falankin ya shekara biyu a rumfa. Na saye shi a watan Agusta, na sassaƙa, na manna allon yatsu, na ɗaure tsirkiya, jitar ta yi kyau har mai ita ya zo da abokansa su gani. Kafin ƙarshen Janairu ya dawo da ita. Na ɗora idona a kan kai na hango zuwa jaki, sai na ga ɓangaren tsirkiya mai kauri ya ɗago, na siririya ya nutse, wuyan ya murɗe kamar igiyar da aka fara tufka. Falankin bai bushe ba, yankan shimfiɗa ne, wato an shimfiɗa gungumen an fitar da shi daga gefe ba daga ɓawo zuwa tsakiya ba, jijiyarsa kuma a karkace take, kuma da na tsaya na duba da kyau tun farko da na ga duka ukun. Sai da na cire wuyan na yi masa sabo da katakon kurmi daga aljihuna.

Saboda haka shawarata ita ce ka sa maɗaci a baya da gefuna, inda nauyinsa da taurinsa suke amfani, domin baya mai nauyi ba ya shanye girgizar fuska, mayar da ita yake yi. Ka sirance bayan zuwa kimanin milimita 2 da rabi, ko ƙasa da haka kaɗan tun da ya fi mahoganin Honduras tauri. Kada ka yi fuska da shi, ya yi nauyi, jitar za ta fito bebiya. A jikin jitar lantarki zai karya kafaɗa sai dai in ka rarake cikinsa ka rufe. Idan kuwa dole sai ka yi wuya da shi, to kada ka yi da katako guda: ka tsaga falankin gida biyu a tsawo, ka juya ɗaya, ka manne su da siririn falle a tsakani, ta yadda duk inda ɗaya ya so karkata ɗayan zai ja shi ya dawo. Ka rufe hanci da baki lokacin gugar samfefa, domin ƙurar Khaya tana sa wasu tari da ƙaiƙayin fata.

Yadda aka yanka gungumen ya fi sunan itacen muhimmanci, kuma a nan ne kasuwarmu take ba mu matsala. Masu injin yanka suna shimfiɗa gungume su dinga fitar da falanki daga sama har ƙasa, don shi ne ya fi sauri kuma ba ya barin asara. Mai jita yana buƙatar yankan rubu'i: a raba gungume huɗu a tsawo, sannan a fitar da kowane falle daga ɓawo zuwa tsakiya, ta yadda faɗin fallen zai bi ɓangaren da ba ya motsi da yawa. Idan ba za a yi maka haka ba, ka zaɓi falankin da ya fito daga tsakiyar gungume, ka tsage cibiyar ka yar, gefunan biyu da suka rage yankan rubu'i ne. Alamarsa a maɗaci ita ce ratsin nan mai miƙewa daga kai zuwa kai. Inda ka ga zane mai kama da harshen wuta ko tsaunuka, yankan shimfiɗa ne, ka bar wa teburi.

Busarwa kuwa ba ta da gajeriyar hanya. Ka shafe kan falankin biyu da kakin kyandir ko fenti mai kauri don kada su dare, ka jera su a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a sama. Tsohuwar ƙa'ida ita ce shekara ɗaya ga kowane inci na kauri, kuma ga maɗaci ba zan rage ba. Idan ba ka da na'urar auna danshi, sikeli ya isa: ka auna guntu ɗaya duk mako ka rubuta a jikinsa, ranar da nauyin ya daina sauka makonni a jere, to ya daidaita da iskar wurin. Bayan ka fitar da siffar wuya sama-sama, ka rataye shi wata ɗaya ko biyu kafin ka gama, domin maɗaci yakan saki abin da ke cikinsa bayan an rage masa nama.

Lokacin haɗawa ma yana da hukunci a ƙasarmu. Manyan masana'antu suna tsare laimar ɗakin aikinsu a kusan kashi 45 zuwa 50 cikin 100. A Kano ko Damagaram laima tana haura 70 a watan Agusta, ta faɗo ƙasa da 20 a tsakiyar hunturu. Bayan babbar jita yana kai santimita 40 a faɗi, kuma tsakanin waɗannan yanayi biyu irin wannan falle zai so ya motsa da kusan rabin santimita, alhali an manne shi da gefuna da sanduna ba shi da wurin zuwa. Katakon da aka manne yana busasshe, idan damina ta zo kumbura zai yi ya ɗan yi tozo, ya koma daga baya. Wanda aka manne yana da danshi kuwa, hunturu na zuwa zai tsage. Don haka ka manna sanduna ka rufe ciki a farkon hunturu, wajen Nuwamba, lokacin da iska ta bushe amma ba ta kai maƙura ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa jitar da aka sayo daga Legas ko Kwatano take darewa a arewa cikin Janairu, kuma mai irin wannan jita ya ajiye ta a cikin jakarta da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin gwangwani mai huji.

Game da inda za ka samo katakon, ba na son ka sa a kayar da maɗaci mai rai don jita ɗaya, manyansa sun ragu ƙwarai, kuma saransa yana buƙatar izinin ma'aikatan gandun daji. Jita ba ta cin katako da yawa: falle biyu na baya masu faɗin santimita 21 da tsawon 55, falle biyu na gefe masu faɗin 12 da tsawon 80, da guntun wuya. Bishiyar da guguwa ta kayar ko aikin hanya ya tumɓuke za ta ba ka na shekaru. Mafi kyau duka shi ne tsohon kaya: ƙofofi da tebura da kabad na tsofaffin ofisoshi da gidajen gwamnati, waɗanda da yawansu da mahoganin kurmi aka yi su, kuma sun ga damina da hunturu hamsin ko sittin, duk motsin da za su yi sun gama. Ƙafar tsohon teburi mai miƙaƙƙiyar jijiya ita ce wuyan da zan zaɓa kafin kowane sabon falanki. Ka kankare fentin a wuri ɗaya ka tabbatar ba meranti ba ne, ka bi shi da maganaɗisu ka fitar da guntayen ƙusa kafin zarto ya same su, ka yanke santimita biyu daga kowane kai ka duba ko gara ko ƙwaro sun shiga, sannan ka karkata shi a hasken rana ka nemi siririyar karayar nan da ke ratsa jijiya.